Sifirin baya na Land Cruiser ya lanƙwashe bayan ɗaga mota: a yanke mazauninsa ko akwai wata hanya?

Mai tambaya, daga Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu wannan zaure. Ina da Land Cruiser 80 ƙirar 1996, wadda nake shiga gona da ita ta hanyar Kachia, kuma saboda yadda damina take cinye hanyar da ke ratsewa daga kwalta, na sa an ɗaga ta inci 3 da sababbin sifirin masu naɗi da dogayen shokazoba. Tun daga ranar, sifirin baya guda biyu sun daina tsayuwa a miƙe, sun yi ciki kamar baka, kuma ɗayan yana gogar robar da ke hana aksil bugun shasi har fentinsa ya goge a zagaye biyu. Idan na tsaya a bayan motar ina ganin taya ɗaya ta leƙo waje fiye da 'yar'uwarta. Bakaniken da ya yi aikin ya ce a yanke mazaunin sifirin da ke kan aksil, a juya shi, a sake yin walda. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, shi ya sa nake neman shawararku kafin a sa wuta a jikin motar.

Amsa ta farko, daga wani bakanike a Kurmin Mashi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi daidai da ka dakata, domin lanƙwasar sifirin alama ce kawai, ciwon yana wurin zaman aksil. Sanduna biyar ne suke riƙe da aksil ɗin baya na wannan mota: biyu a ƙasa, biyu a sama, sai ta biyar mai gicciye da ake kira sandar Panhard, wadda kanta ɗaya yake ɗaure a shasi, ɗayan kuma a aksil. Idan aka ɗaga mota, shasi yakan hau sama ya bar aksil a ƙasa, sandar gicciyen ta ƙara karkata, kuma tun da tsawonta bai ƙaru ba, sai ta ja aksil gaba ɗaya zuwa gefen da aka ɗaure ta a shasi. A ce tsawon sandar mita 1 ne, kuma da ma kanta na aksil ya fi ɗayan sauka da santimita 10. Idan ka ƙara inci 3, wato kusan santimita 7 da rabi, aksil zai goce kimanin santimita 1. Wannan ɗan abin ya isa ya raba mazaunin sifirin na ƙasa da na sama.

Ka ajiye motar a kan daɓe mai daidaito, tayoyi a ƙasa, iskarsu ɗaya, ka ɗauki tef ka auna daga jikin shasi zuwa gefen taya, dama da hagu, a wuri iri ɗaya. Kada ka auna daga bodi, domin bodin tsohuwar mota yakan yi ƙarya. Bambancin da ka samu sai ka raba shi biyu, shi ne yawan gocewar. Maganinsa sandar gicciye mai zare, wadda ake ƙara mata tsawo har awo biyun su zo ɗaya.

Bayan haka sai a duba gaba da baya. Sandunan ƙasa su ma sun karkata, saboda haka aksil ya ɗan matso gaba kuma ya ɗan juya, mazaunin sifirin ya daina kallon sama sosai. Idan cikin sifirin ya turo ta gefe, laifin sandar gicciye ne, idan kuwa ta gaba ko ta baya ya turo, to a nan ne za a nemi sanduna masu zare na ƙasa da na sama. A inci 3 sau da yawa ba a kai wa ga haka.

Amsa ta biyu, daga wani mai Prado a Barnawa:

Oga ya faɗi gaskiya, amma ina roƙon Alhaji ya fara da abin da ba ya cin kuɗi. Wutsiyar sifirin ta ƙasa tana da gurbin da take tokarewa a kan mazauninta, kuma ni da kaina na taɓa yin wata biyu ina yawo da sifirin da aka zaunar da wutsiyarsa a kan tudu maimakon cikin gurbin, har na sayi sabon shokazoba a banza. Ka haska fitila ka gani da idonka. Ka kuma tabbatar ba a musanya na dama da na hagu ba, domin wasu kamfanoni suna yin ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, da alama a jikinsa.

A kan sandar gicciye ina da ɗan saɓani. Mai zare tana mayar da aksil tsakiya ne idan mota tana tsaye, amma karkatar tana nan, don haka duk lokacin da baya ya sauka ko ya tashi a gargada, aksil zai riƙa motsawa gefe. Ƙarfen da ake ɗaurawa don ɗaga kan sandar na wajen aksil ya fi kwantar da ita, muddin mai kauri ne kuma an ɗaure shi da kyau.

Amsa ta uku, daga wani mai walda a Panteka:

Ko da yake walda ce sana'ata, ba zan ba da shawarar yanke mazaunin ba sai an gama duk abin da aka lissafa a sama, domin idan aka juya shi a kan aksil da ya goce, ranar da aka daidaita aksil ɗin sai mazaunin ya koma shi ne karkatacce. Zafin walda mai yawa kuma yana iya jan bututun aksil.

Abu biyu nake so a kula da su. A sassauta notunan dukkan sandunan, a sauke motar a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ɗaure. Bushi, wato robar da ke cikin idon kowace sanda, idan aka ɗaure shi aksil yana lilo, yakan zauna a murɗe, ya yage da wuri. Na biyu shi ne birki. Wannan mota tana da bawul a baya mai auna nauyin kaya ta wani siririn ƙarfe da ya haɗu da aksil, kuma ɗagawa tana sa ya ɗauka motar ba kaya, ya rage wa birkin baya ƙarfi, sai an ɗaga maɗaurinsa gwargwadon ɗagawar. A duba tiyon birki ma, kada ya miƙe tsam idan aksil ya sauka. Duk wanda zai shiga ƙarƙashi ya tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, kada ya dogara da jak ko bulo.

Mai tambaya ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Na auna, bambancin ya kai kusan santimita 2, kuma wutsiyar sifirin hagu ba ta cikin gurbinta. Mun zaunar da ita, mun sa sanda mai zare, muka ɗaure komai motar tana ƙasa. Gogar ta daina, lanƙwasar da ta rage kaɗan ce, ta turo ta baya. Maɗaurin bawul ɗin birki ne ba mu taɓa ba tukuna, ranar Asabar in sha Allahu zan kawo motar Panteka a yanka mini ƙarfensa.