Shawarar da Aka Bai wa Wata Nas kan Sauya Asibiti

A wani zama da ma'aikatan jinya suka yi a Katsina, wata nas da ta daɗe a wani asibitin jiha ta nemi shawara kan ko ta koma Asibitin Koyarwa na Tarayya, saboda gajiyar aikin dare da ƙarancin abokan aiki a ɗakin da take.

Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun haɗu a kan cewa kada ta ajiye aikinta sai takardar ɗaukar sabon aikin ta shigo hannunta. Wata tsohuwar sista ta tsaya sosai a kan maganar shekarun aiki, ta ce mata: "Ƙanwata, ki nemi a mayar da aikinki ta hanyar canjin ma'aikata, domin idan kika yi murabus kawai, ana iya mayar da ke matakin farko a tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS, shekarunki su tafi a banza." A ganina wannan ce shawara mafi nauyi, don tana shafar har fansho.

An kuma tunatar da ita ta sabunta lasisinta na Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya.

Wani abokin aikinta ya ce albashi kaɗai bai isa ya yanke hukunci ba. Ya shawarce ta da ta je sabon asibitin da yamma, lokacin miƙa aiki, ta ga nas nawa ke tsaye a kan gadaje nawa, ta kuma lissafa kuɗin keke Napep daga gidanta idan aka sa ta aikin dare.