Taƙaitawar muhawara kan bandejin auduga da borin fata

An yi ittifaƙi a kan:

1. Auduga zalla da wuya ta haddasa bori. Yawanci laifin gam ɗin filasta ne, ko robar lateks, ko maganin da aka jiƙa bandejin da shi, kamar aidin da neomisin (magungunan kashe ƙwayoyin cuta).

2. Ƙaiƙayi da ƙuraje daidai sawun filasta kan fito bayan awa 24 zuwa 72. Borin lateks kuwa kan iya tashi cikin mintuna, kuma da numfashi ya sarƙe sai asibiti.

3. Bandejin da ya manne a jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti kafin a cire. Bandejin da ya jiƙe yana ɗaure a jiki kuwa a sauya, don yana jeme fata.

Ra'ayi ya rabu kan filastar da ta dace da mai taushin fata: wasu sun zaɓi filastar takarda, wasu ta silikon duk da tsadarta.