Fitar da kashu da gyaɗa na oganik: ta ina ake farawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta ƙananan manoma tana noman kashu da gyaɗa, kuma yawancinmu ba ma zuba takin zamani, ba ma yin feshi. Shin hakan ya isa mu sayar da kayanmu da sunan oganik a ƙasashen waje, kuma wace kasuwa ce ya kamata mu fara nema?

Mai fitar da kaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Rashin feshi kaɗai bai isa ba, domin mai saye ba ya ƙara kuɗi sai ya ga takardar shaida daga masu bincike da ƙasarsa ta amince da su. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2018/848, wadda ta fara aiki a Janairun 2022, ta tanadi shekara 3 na sauyi (lokacin bin ƙa'idojin oganik kafin a fara sayar da amfanin gona da wannan suna) ga itatuwa irin kashu, shekara 2 kuma ga abin da ake shukawa duk shekara kamar gyaɗa. Ta kuma yarda ƙananan manoma su nemi shaida a ƙungiyance, muddin ba su wuce 2,000 ba kuma suna da masu duba gonakinsu na cikin gida. Amurka ce kasuwar oganik mafi girma, amma a ganina ku fara da Jamus, inda ake baje kolin kayan oganik mai suna Biofach a birnin Nuremberg kowace Fabrairu.

Mai binciken inganci:
Malam, ni abin da ya fi damuna shi ne bayan girbi. Gyaɗar da aka zuba a buhu da sauran danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da gubar aflatoksin, wadda Turai ba ta yarda ta wuce maikirogiram 4 a kilo ɗaya na gyaɗar ci ba. Sannan ƙwayar maganin fosfin da ake jefawa a sito don kashe ƙwari tana soke matsayin oganik na kayan baki ɗaya. Ku shanya sosai, ku ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, ku kai samfur gwaji kafin a loda kwantena.

Mai masana'anta:
Yawancin ɗanyen kashu Biyetnam da Indiya yake tafiya a fasa shi, alhali masu saye a Turai ɓararriyar ƙwaya suke nema, musamman mai lambar W320, wato farar ƙwayar kashu da ba ta fashe ba, mai matsakaicin girma. Saboda haka ku nemi masana'antar da ita ma take da shaida, domin idan aka fasa naku a inda babu ita, ko aka gauraya shi da wanda ba oganik ba, ba za a karɓe shi da wannan suna ba.