Wagon ɗin da na gada: fata, leda ko yadi?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gaji Peugeot 504 wagon ƙirar 1979 daga mahaifina, mai layin kujeru uku. Shekara tara tana ajiye. Inji ya tashi, birki an gyara, amma cikinta sai a hankali. Kujerar direba ta lotsa har sifirin na sukar mutum, silin ya zazzago ta baya, dashbod ya tsage wuri biyu, ga wani wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Kujerun nan fata zan sa musu, ko leda, ko yadi?

Uwar Biyu: Allah ya jiƙan Baba. Leda, in dai kana da yara. Tsumma ɗaya ya gama magana.

Sarkin Zolaya: Leda a tsakar rana? Sai dai in yana so ya sauka ya bar fatar bayansa a jikin kujera.

Baba Mai Kushin: Amin. Ɗana, warin nan da ka ambata, kafet ɗin a jiƙe yake ko a bushe?

Ɗan Auta: Ban ɗaga ba tukuna, Baba.

Mai Volvo: To ka ɗaga, ƙanena, kafin ka sayi ko da zare ɗaya. Bari in ba ka labarina, don na riga ka faɗawa wannan ramin. Tawa wagon ce, Volvo 245. Da na same ta, abin da ido ke gani shi na bi. Na cire kujeru duka na kai wa wani mai kushin, ya yi musu sabuwar riga, ya yanka sabon kafet ya shimfiɗa a kan tsohuwar shimfiɗar ƙasa, ya manna sabon yadi a silin. Na tambaye shi ko ba za mu duba ƙasa ba, ya ce ai ƙarfen motocin nan ba ya mutuwa. Ranar da na ɗauko ta har hoto na turo nan, tsofaffin zaure za su tuna.

Wata huɗu aka yi. Ruwan sama ya sauka sau uku, warin ya dawo ya fi na da. Kullum da safe gilashi ya yi gumi ta ciki. Wata rana na sa hannu ƙarƙashin kujerar baya, na matsa kafet, ruwa ya fito tsakanin yatsuna. Da muka yaye, shimfiɗar nan ta ƙasa, irin ta zaren rama ce, ta sha ruwa ta riƙe kamar soso, ta yi baƙi da funfuna. A ƙarƙashinta akwai faifan kwalta da kamfani ke mannawa don rage ƙara, ya tsattsage, ruwa ya bi ta tsagar ya kwanta tsakaninsa da ƙarfe. Daga sama lafiya lau. Na sa sukurudireba na danna, ta wuce, na hango ƙasa.

Daga nan aka koma baya. Mai walda ya ce ba zai kunna wuta da kujera ko kafet a ciki ba, kuma da gaskiyarsa. Aka sake kwashe komai. Duk da haka tartsatsi ya huda mini rigar kujera ɗaya da aka jingine a gefe. Silin kuwa, da rana ta yi zafi sai ya sako ya kwanta mini a ka ina tuƙi, domin mutumin bai kankare tsohon soson da ya zama gari ba, ya shafa gam a kan ƙura, gam ɗin ma na aikin ɗaki ne. Motar da aka rufe a rana cikinta yakan haura digiri 60, kwanon rufin ya fi haka. Gam ɗin da ba na zafi ba narkewa yake.

Ruwan ta ina yake shiga? Wuri uku. Robar dogon gilashin gefe na baya ta bushe ta ja da baya a kusurwa. Robar ƙofar but ta mutu. Sai magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, ganye ya toshe ta, ruwa na taruwa ya malalo wajen ƙafar fasinja. Wagon ta fi ƙaramar mota wannan ciwo, gilasanta sun fi yawa, ga babbar ƙofa a baya.

Abin da zan ce maka: kwashe komai har ka ga ƙarfe tsirara. Ka shiga ciki da tocila ka rufe ƙofa, wani ya riƙa zuba ruwa da tiyo, ya fara daga ƙasa yana hawa a hankali, don ka gane ainihin inda ya fara ɗiga. Toshe, yi walda, yi fenti. Sannan waya, sannan silin, sannan jikin ƙofofi, kafet, kujeru su ne na ƙarshen shiga.

Sarkin Zolaya: Yaya, wannan ai huɗuba ce. Tambayar yaro dai fata ko leda.

Mai Volvo: Ya sa zinariya ma in ya ga dama, ruwa ba ruwansa.

Rewaya: Tunda an ambace ni. Cire kan batir kafin ka taɓa komai. Idan kafet ya fita ka bi wayoyin da ke tafiya baya ta gefen dokin ƙofa, musamman inda suke lanƙwasa su shiga ƙofar but, nan suke karyewa. Ka ɗauki hoton kowace mahaɗa kafin ka zare.

Uwar Biyu: Noti da kilif kuma kowane a ƙunshinsa, da rubutu. Maigidana ya tara nasa a gwangwani ɗaya, yau shekara biyu akwai guda goma sha ɗaya da ba mu san gidansu ba.

Sarkin Zolaya: Kuma motar na tafiya. Ashe kamfani ne ya yi almubazzaranci.

Malam Mai Mercedes: Da wagon ɗin Mercedes W123 ka gada da ba mu tsaya wannan magana ba. Ledarsu MB-Tex tawa tun 1982 take, ruwa da sabulu kawai, ko tsaga babu.

Mai Volvo: An fara. Malam, faɗa masa abin da ke ƙarƙashin ledar.

Malam Mai Mercedes: To, shimfiɗar cikin kujerar ta zaren kwakwa da gashi ce da aka haɗa da roba, takan rududduge ta riƙa zubo da gari a ƙasa. Na canza ta, ban ɓoye ba. Amma rigar ta asali ce.

Mai Volvo: Wagon ɗinku sai 1978 aka fara ƙera ta, 1986 aka tsaya. Tamu daga 1974 har 1993.

Ɗan Auta: Ranku ya daɗe, ta Baba ta girme su duka. 504 ta fito 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969.

Malam Mai Mercedes: Yaro ya yi karatu.

Shugaban Zaure: Jama'a, a koma kan kujera. Gardamar nan mun yi ta sau nawa?

Baba Mai Kushin: Bari in ce wani abu a kan sana'ata. Ɗana, rigar kujera ita ce ƙaramin aiki. Kujerar da ta lotsa, fara duba firam ko ya tsage, da sifirin ko ya karye. Tsakanin sifirin da soso akwai yadi mai kauri da ke hana ƙarfe cin soso, shi ne ke fara mutuwa, shi ya sa kake jin suka. Soso kuma kada ka auna shi da tauri. Akwai mai tauri marar nauyi, wata shida ya kwanta. Nauyi ake tambaya. Na mazauni ya kai kilo 35 zuwa sama a kowace mita kubik, na jingina zai iya fin haka laushi. Ɗaga guda biyu masu girma ɗaya a hannunka, wanda ya fi nauyi shi ne mai kwana.

Tsohuwar rigar kada ka yar ko ta yage. A farke ta a bi ɗinki, ita ce ma'aunin sabuwa. Wanda ya ce zai yanka da ido, ɗauki kayanka ka tafi. Zare a sa na foliyesta, na auduga ruɓewa yake, na nailan rana ke cinye shi.

Uwar Biyu: Baba, ba ka faɗi leda ko fata ba.

Baba Mai Kushin: Ni tsakiya yadi, gefe leda. Baya ba ya gumi, gefen da ake gogawa wajen shiga da fita ba ya saurin cinyewa. Amma ledar mota, mai saƙa a bayanta. Ta kujerun falo ba ta jure rana.

Malam Mai Mercedes: In da yadi ta zo, a mayar mata da yadi mai kama da shi. Fata a motar da ba ta zo da fata ba kamar rawani ne a kan gajeren wando.

Sarkin Zolaya: Layi uku fa, Malam. Shanu nawa za a yanka?

Rewaya: Ɗan Auta, shekara tara a ajiye, akwai ɓera. Kashinsa kada ka share shi a bushe, kada ka hura da iska, akwai cutar da ake shaƙa daga ƙurarsa. Buɗe ƙofofi ta sha iska, sa safar hannu da takunkumi, jiƙa wurin da bilic kashi ɗaya a ruwa kashi tara, bar shi minti biyar, sannan ka goge. Duba cikin akwatin fankar hita, nan suke yin gida.

Ɗan Auta: Wallahi na ga yagaggen soso a cikin aljihun dashbod, ban kawo komai ba.

Sarkin Zolaya: Masu haya ne. Ka ba su notis.

Baba Mai Kushin: Silin ɗin, taɓa ka ji. In ka ji sandunan ƙarfe sun gitta daga gefe zuwa gefe, irin na ratayawa ne: yadin na da aljihuna da sandunan ke bi, bakinsa kuma yakan shige ƙarƙashin robar gilashi, sai an cire gilasai aikin ke yin kyau. Sandunan ba tsawonsu ɗaya ba, rubuta musu lamba daga gaba zuwa baya. Tunda za ka canza robobi, ka haɗa aikin lokaci ɗaya. In kuma faifai ne da aka manna wa yadi, a wagon sauƙi ne, ta ƙofar but yake fita.

Mai Volvo: Ka kankare soson nan har ya daina ba ka gari a hannu. Na faɗa na sake faɗa.

Uwar Biyu: Dashbod fa? Kowa ya manta.

Malam Mai Mercedes: Wanda ya tsage ya tsage. Man da ke sa robar laushi ne ya fice da zafin rana, shi ne wannan dusashin da kake gani a gilashi ta ciki. In ka cike tsagar, za ta sake buɗewa a gefenta. Ko a cire a sake masa riga gaba ɗaya, ko a samo na wata motar, ko a ɗora masa murfi.

Rewaya: In za a cire a kira ni, kada a bar mai kushin shi kaɗai da wayoyin bayan mita. Baba ka yi haƙuri.

Baba Mai Kushin: Kai ma kada ka taɓa mini silin da hannun baƙin mai.

Mai Volvo: Bel ɗin kujera. Wanda ya yi gashi a baki, ko ya ƙage, ko rana ta koɗar da shi, a canza, ba a rina shi, ba a wanke shi da bilic, ba a ɗinke shi. Notinsa ma na musamman ne, 7/16 na inci ko a motocin Turai, kada ka tura masa na milimita da ƙarfi. Ka duba ƙarfen da yake ɗaure a jiki, in tsatsa ta ci wurin sabon bel ba shi da amfani. Kuma a sani, bel mai maɗauri uku Volvo ce ta fara sa shi a 1959, aikin Nils Bohlin.

Malam Mai Mercedes: Na san sai ka kai mu nan.

Sarkin Zolaya: Wai wa ke da hoton nan na Yaya da silin a kansa?

Shugaban Zaure: Kada a turo.

Uwar Biyu: Jikin ƙofa in kwalin ya kumbura, yanka sabo da siririn filawud, ka shafa masa banish gaba da baya. Ledar nan da ke bayansa da masu gyara ke yagewa su yar, ita ke tare ruwa. A mayar da ita.

Ɗan Auta: Na dawo. Na ɗaga kafet ɗin gaba. Gefen direba a bushe, gefen fasinja shimfiɗar ta manne da ƙarfe, da na ja sai ta taho da ɓawon tsatsa kamar tafin hannu. Akwai kuma ɗan ruwa mai santsi, launin kore-kore, a ƙarƙashin dashbod.

Rewaya: Wannan ba ruwan sama ba ne. Ƙaramin lagireton hita ne ke yoyo. Mai yiwuwa sai dashbod ya fita ke nan, ko ana so ko ba a so.

Mai Volvo: Sukurudireba ta wuce?

Ɗan Auta: Ban danna ba, Yaya. Zuciyata ba ta ba ni ba.

Uwar Biyu: Ni dai har yanzu leda.

Baba Mai Kushin: Kujerun ka ajiye su a ɗaki, a kan katako, ka rufe da zani. Turo mini hoton ƙarƙashin ta direba in ga sifirin ɗin.