Neman shawara: nikel ya ƙi fitowa a TP ɗin CCM

Ɗalibi daga Marwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka karanci shimi su agaza mini. An ba mu TP (aikin gwaji a labo) na CCM (kromatografi), wato raba iyon na ƙarafa a kan plak, ɗan faranti mai siririn shafi da ruwa ke bi ya hau, cakuɗen da aka ba mu akwai Fe3+ (baƙin ƙarfe), Cu2+ (jan ƙarfe), Co2+ (kobalt) da Ni2+ (nikel), solvan ɗin kuma, wato ruwan da ke jan su sama, aseton ne da asid HCl. Mun ɗiga mun sa a bokal ruwan ya hau, amma wlh abin da ya fito bai yi kama da na littafi ba, tabon baƙin ƙarfe ya ja doguwar jela, na nikel kuma ko alamarsa babu duk da mun fesa DMG, sinadarin da ke fito da nikel da jan launi. Litinin za mu sake kuma ana jiran rapor, me ke kawo haka?

Malamin lise, Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Nikel ɗinka na nan bai je ko'ina ba. DMG ba ya ba da jan launin nan muddin akwai asid a wurin, kai kuma plak ɗinka yanzu ya fito daga HCl. Ka bari ya bushe tukuna, ka riƙe shi a bakin bokal mai amoniyak tururin ya ratsa shi, sannan ka fesa. Kuma ba sama za ka neme shi ba, duba dab da layin da ka ɗiga.

Dalili shi ne a cikin aseton da HCl, Fe3+ na kama klorur ya zama FeCl4-, shi kuma aseton na ɗaukarsa da sauƙi, shi ya sa yake bin bakin solvan har kusan ƙarshe. Nikel ba ya saurin kama klorur sai ya zauna a ƙasa, jan ƙarfe da kobalt suna tsakani. Tun a tururin amoniyak ma za ka ga jan ƙarfe ya koma shuɗi sosai, baƙin ƙarfe ya yi kalar tsatsa. Wannan bayanin ka sa shi a rapor, don shi ne TP ɗin gaba ɗaya, ba lambobin kawai ba.

'Yar uwa daga Ngaundere:
Gaskiya ne Malam. Batun jela kuma ɗan uwa yawanci ɗigon ne ya yi yawa, ka taɓa plak da kapilar (siririn bututun gilas) sau ɗaya ka ɗaga, tabon kar ya wuce mm 2, in za ka ƙara ka jira na farko ya bushe. Sannan zafin garinku ma ba ya taimaka muku, aseton a digiri 56 yake tafasa, Marwa kuwa a Afrilu ana haura 40, in bokal a buɗe yake ko murfin bai kama ba aseton na gudu ya bar asid da ruwa, ka ga solvan ya zama wani abu dabam. Ku haɗa sabo ranar, ku jingina takardar tace a cikin bokal ta jiƙe, ku rufe kamar minti 15 kafin plak ya shiga. Layi da fensir za ka ja ba bik ba, kuma ya kasance sama da ruwan.

Ɗalibi daga Marwa:
Ngd sosai Malam, ngd Yaya, Allah ya ƙara sani. Wani abu kuma, bayan plak ɗin alminiyam ne kuma na ga ƙasansa na ɗan kumfa a cikin ruwan, shi ma matsala ce?

Ma'aikacin labo, Njamena:
Matsala ce kam. HCl na cin alminiyam, kumfar da ka gani idrojen ne. Ka roƙi malaminku plak na gilas ko na roba, in babu takardar Whatman lamba 1 na yin aikin nan lafiya lau da solvan ɗin nan.

Ni dai abin da nake nanata wa yara shi ne kar ku dogara da Rf (lambar da ke nuna nisan da tabo ya hau) na littafi, yana canzawa da zafi da yawan asid. Ku ɗiga kowane iyon shi kaɗai a jere kusa da cakuɗen a plak ɗaya ku kwatanta. Da ka ciro ka yi maza ka ja alamar inda solvan ya tsaya don nan take yake ɓacewa, Rf shi ne tsawon da tabo ya yi a raba da tsawon da solvan ya yi. Kobalt kuma in ka fesa sinadarin KSCN a cikin aseton zai ba ka shuɗi, baƙin ƙarfe ya yi ja kamar jini, to in jelar ta sauko kan kobalt jan zai rufe shi ba za ka gani ba.

Dan Allah kar ku buɗe amoniyak kusa da HCl, farin hayaƙi suke yi, aseton nesa da wuta, ragowar nikel da kobalt kuma a zuba a kwalbar shara ba a lavabo ba.

Malamin lise, Garwa:
Ƙari ɗaya ƙanena, ku yi plak biyu, ɗaya na amoniyak da DMG ɗaya na KSCN, kar ku jibga duka a kan guda. In kun gama Litinin ka turo mana hoton mu gani.