Gwaji ya faɗi, amma a wane layi kuskuren yake?

Hadiza_kod: Salamu alaikum. Ina da manhajar lissafin albashi da na rubuta da Python. Gwaje-gwajen da ke duba ko manhajar tana aiki daidai sun kai ɗaruruwa, kaɗan ne ke faɗuwa, kuma duk a wajen cire haraji ne. Saƙon da pytest, manhajar da ke gudanar da gwaje-gwajen, ke fitarwa yana nuna inda lissafin ya fito ba daidai ba, ba inda ya fara karkacewa ba. An ce akwai hanyar shafa wa layukan kod launi don a gane wanda ake zargi. Wa ya taɓa gwadawa?

Malam_Sani: Wa alaikumus salam. Tarantula kike nufi. James Jones da Mary Jean Harrold da John Stasko ne suka fito da ita a Georgia Tech ta Amurka, a 2002. Ana duba kowane layi a ga gwaje-gwajen da suka bi ta kansa. In akasari waɗanda suka faɗi ne, sai ya yi ja. In waɗanda suka ci ne, kore. In an raba, ruwan ɗorawa. Sai ki ga fayil guda kore shar, ban da layi uku a tsakiya da suka yi jajir. Nan za ki fara tono.

Bello_dev: Ba sai kin nemi Tarantula ɗin ba. Da pytest-cov, wato ƙarin pytest mai bin sawun layukan da gwaji ya bi, ƙara --cov-context=test, zai ajiye wane gwaji ya taɓa wane layi. Daga nan ki lissafa yawan zargin kowane layi da wata dabarar lissafi da ake kira Ochiai, ta fi ta Tarantula kamo kuskure a yawancin kwatancen da aka yi. Masu Java kuma suna da GZoltar, manhajar da ke yi musu irin wannan aikin.

Malam_Sani: Amma Malama, ja ba hukunci ba ne, zargi ne kawai. In kuskuren sharaɗi ne da aka manta ba a rubuta ba, babu layin da za a shafa wa launi, sai na kusa da shi ya sha zargin. Haka in kurakurai biyu ne daban, launin yakan dagule.

Hadiza_kod: Na gode ƙwarai. Na gwada, jan ya taru a sashen kod ɗin da ke lissafa albashin ma'aikatan da suka fara aiki tsakiyar wata. Zan raba gwaje-gwajen da suka faɗi gida biyu tukuna, don ina zargin ba kuskure ɗaya ba ne.