In na kalli idon mutum sai maganarsa ta ɓace min, akwai mai irin wannan?

Mai_Shiru

Salamu alaikum jama'a. Na jima ina son yin tambayar nan ina fasawa, yau dai na ce bari in yi ko Allah zai sa a dace. Ni ba yarinya ba ce, ina aiki, sai da na girma aka gano ina da otizim, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke sadarwa da mu'amala da mutane, kuma abin da ya fi takura min a zaman yau da kullum shi ne haɗa ido da mutane. Ba kunya ba ce fa, don ko da ƙannena da muka tashi tare haka nake. Da na sa idona cikin na mutum sai in ji kamar an dallare min fuska da tocila, ƙirjina ya ɗan riƙe, sannan abin da ya fi ba ni haushi, maganar da yake min sai ta bi iska, ina jin sautin amma ma'anar ba ta shiga. In kuwa teburi nake kallo ko hannunsa ko bango, wallahi ba abin da ke wuce ni, har in iya maimaita masa abin da ya ce.

A ofis shugabar sashenmu ta kira ni gefe ta ce in ana min magana in dinga kallon mutane don ana ganin kamar raini ne. A mitin in na yi yadda ta ce sai in fito ban san me aka yanke ba. Wajen likita ma haka, in na daure na kalle shi sai na dawo gida in rasa sau nawa ya ce a sha maganin. Yanzu kuma intabiyu ce a gabana ta wani aiki da nake so sosai. Don Allah masu irin lalurar nan, abin yana tafiya ne in an yi ta gwadawa, ko kuwa gara in dinga faɗa wa mutane gaskiya tun farko?

Tauraruwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa, kamar labarina kika bayar wlh. Ni dabarata ita ce in kalli tsakanin girar mutum ko karan hancinsa, in mai tabarau ne ma ya fi sauƙi sai in kalli saman tabaran, in dai ba gab da gab kuke ba ba mai ganewa. Kuma ki lura, su ma marasa otizim ba ƙura wa juna ido suke daga farkon hira har ƙarshe ba, mai magana yakan kau da kai ya dawo, mai saurare ne ya fi kallo. To ni sai in kalla lokacin gaisuwa, in sake ɗagowa in ya kusa kai aya, in gyaɗa kai, shi kenan. Amma kar in yaudare ki, da gajiya. Rabin hankalina yana kan lissafin yaushe zan ɗago yaushe zan sauke, in na dawo gida daga taro ko sallamar kirki ba na iya amsawa.

Malam_Bincike

'Yar uwa abin da kika faɗa ba tsurfa ba ce, masana sun auna shi. A 2005 wasu masu bincike a jami'ar Wisconsin a Amurka sun sa masu otizim a na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu fuskoki, suna kuma bin inda idonsu ke sauka. Suka ga duk yadda mutum ya ƙara daɗewa yana kallon idon da ke hoton, haka wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala yake ƙara tashi, shi ne wanda ke buga ƙararrawa in an hango haɗari. A 2017 kuma Nouchine Hadjikhani da abokan aikinta a Boston suka yi wani mai kama da shi, su sai suka sa alama daidai wajen idon suka ce a tsaya a kanta kar a kauce. Sassan ƙwaƙwalwar da ke fara karɓar fuska suka yi aiki fiye da kima a wajen masu otizim, ya fi tsanani in fuskar mai tsoro ce amma har da mai murmushi abin ya nuna. Abin da suka fahimta shi ne kau da idon hanya ce ta rage wannan tashin, ba wai mutum bai damu da wanda ke gabansa ba ne.

Batun ɓacewar magana kuwa, wannan kowa na da shi, naku ne dai ya fi ƙarfi. Ki tambayi duk wanda kika ga dama lissafi mai wuya ki ga in bai kalli sama ko gefe ba. Gwyneth Doherty-Sneddon ta yi aiki sosai a kan wannan da yaran makaranta a Birtaniya, ta nuna yara suna kau da ido in tambaya ta yi wuya, har ma da aka koya wa 'yan shekara 5 su dinga kau da kai in suna tunani sai amsoshinsu suka fi yin daidai. Fuska tana ɗauke da bayanai da yawa, gira, ƙifta ido, motsin baki, duk sai ƙwaƙwalwa ta tace su a daidai lokacin da take tace kalmomi. To shugabar taku da ta ce ki kalle ta don ta tabbatar kina saurare, abin da take nema ɗin shi take hana ki.

Umman_Biyu

Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ni na ɗana bai yi kama da wannan ba shi ya sa na shigo. Bai kai shekara uku ba, an ce yana da lalurar galahanga, wato otizim ɗin, shi ba na ganin alamar kallon ido yana damunsa, in na sa fuskata a gabansa zai kalle ni lafiya lau har ya yi dariya, kawai dai shi da kansa ba ya neman idona, bakina ya fi kallo ko abin da ke hannuna. Wasu suna ta cewa in dinga riƙe haɓarsa ina juyo da fuskarsa har ya saba, ni kuma raina bai kwanta da haka ba. Ya abin yake?

Malam_Bincike

Amin Umma, kuma kin taɓo inda su kansu masanan ba su gama daidaitawa ba. Akwai Warren Jones da Ami Klin a Atlanta, su ƙananan yara suke bi. A 2013 sun nuna jariran da daga baya aka tabbatar suna da otizim, da farko suna kallon ido kamar kowane jariri, sai tsakanin wata 2 zuwa wata 6 kallon ya fara raguwa. A 2017 kuma su da wata abokiyar aikinsu suka gwada 'yan shekara 2, in aka jawo hankalin yaron zuwa ido ba ya saurin kaucewa fiye da sauran yara, wato ba gudunsa yake ba, idon ne dai bai zame masa wurin da ake samun labari ba. To kin ga iri biyu ke nan, mai jin zafin abin da wanda abin bai ja shi ba, kuma ba mamaki wasu su fara a na biyun su koma na farkon in an yi shekaru ana matsa musu ana daka musu tsawa, wannan na ƙarshen ra'ayina ne dai.

Riƙe haɓa kam ban goyi baya ba ko kaɗan, yaro zai haɗa fuskarki da takura ne kawai. Abin da masu koyar da magana suka fi dubawa shi ne yana haɗa hankalinsa da naki a kan abu ɗaya? Yana nuna miki abu da yatsa, yana kawo miki abin wasansa don ki gani, yana juyowa in an kira sunansa? Ki zauna ƙasa daidai tsawonsa, ki ɗaga abin da yake so kusa da fuskarki, in ya kalla ya kalla in bai kalla ba ku ci gaba da wasanku. In ba a duba jinsa ba tukuna a duba.

Gaskiya_Ɗaci

Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Duk bayanin nan na ji kuma na yarda, amma mai intabiyu bai karanta shi ba, shi dai ya ga mutum yana ta kallon ƙasa sai ya ce wannan ko ƙarya take ko ba ta yarda da kanta ba, ya kira na gaba. Duniya ba za ta canza saboda mu ba. Ni ma ina da otizim ɗin, na tilasta wa kaina na koya, yanzu ba mai ganewa sai na faɗa. Shawarata ki daure ki koya 'yar uwa, minti nawa ne intabiyun gaba ɗaya.

Daren_Jiya

Ɗan uwa ba ƙarya ka yi ba cewa mutane haka suke zato, akwai ma binciken da aka wallafa a 2006 da ya tambayi mutane a ƙasashe sama da 50 yadda ake gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce wai ba ya iya haɗa ido. Sai dai Bella DePaulo da abokan aikinta sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2003 suka ga kusan ba wata alaƙa tsakanin kau da ido da ƙarya, ai ƙwararren maƙaryaci shi ya fi kowa iya tsare ka da ido.

Inda na rabu da kai shi ne cewar ta daure kawai. Intabiyu minti kaɗan ne gaskiya, amma in an ɗauke ta fa? Ta nuna musu fuskar da ba tata ba, kullum sai ta ci gaba da sa ta daga safe har yamma. Ni na yi shekaru a haka, ina kwaikwayon kallo da murmushi da komai, kuma shi ya sa aka daɗe ba a gano ni ba, har akwai likitan da na je gani ya ce ai ina kallonsa don haka ba otizim ba ne. Alhali ko a DSM-5, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013, batun ido misali ne guda cikin alamomin sadarwar da ba ta baki ba, wani ma nasa ƙurawa ce har mutum ya tsargu. Mata sun fi faɗawa wannan tarkon na ɓoyewa, kuma manyan da aka yi ta tambaya a bincike abin da suke ta maimaitawa shi ne gajiya da damuwa.

Ni yanzu jimla ɗaya nake faɗa tun farko, in ce na fi fahimta in ina kallon takarda, kar a ga kamar ba na saurare. Ba sai kin ambaci otizim ba in ba ki so, wannan sirrinki ne. Ki shiga da biro da ɗan littafi kina rubuta abin da ake tambaya, idonki ya samu wurin zama, su kuma su ga mai natsuwa. Wajen likita ma haka, ki ce ya rubuta miki ko ki maimaita masa abin da ya ce kafin ki tashi. In magana mai nauyi ce da wani naki, ku yi ta kuna tafiya ko a mota kuna kallon gaba, za ki sha mamakin yadda take fita. A wasu ƙasashen doka ma ta ba ki damar neman sassauci a wajen ɗaukar aiki, a Birtaniya akwai ta 2010, a Amurka akwai ta 1990, ki duba ta inda kike.

Mai_Shiru

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Malam Gaskiya_Ɗaci na ji ka kuma ban raina shawararka ba, gaisuwar farko dai zan yi ta da dabarar gira da Tauraruwa ta faɗa, sauran kuma littafi da biro. Sun turo imel ɗazu wai zagayen farko ta bidiyo za a yi, wannan kuma ya ake da shi?

Tauraruwa

Ai wannan ta fi sauƙi 'yar uwa. A bidiyo in kika kalli idon mutum a allo shi gani yake kina kallon ƙasa, sai kin kalli kamarar ne zai ga kamar shi kike kallo, kamara kuwa ba ta da ido balle ta dame ki. Ki manna ɗan guntun takarda mai kala kusa da ita ki dinga kallonsa in kina ba da amsa, ki rage girman hoton nasu ki ja shi sama kusa da kamarar, naki hoton kuma ki rufe shi gaba ɗaya, Zoom da Teams duk suna da wurin yin haka. Ki ɗora kwamfutar a kan littattafai ta zo daidai fuskarki, ki kira wani a gida ku gwada kafin ranar.